Masu gonaki na tare hanya don a lissafa su cikin waɗanda aka bari a baya: muhawara kan rikicin gurabe a Indiya

Uwargida daga Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda a zauren nan akwai malamai da waɗanda suka zauna a Indiya, ina roƙon a warware mini shi. A watan Fabrairun 2016 ina birnin Delhi ina jinyar maigidana, mun kama ɗaki a wani bene da ke Uttam Nagar, unguwar da baƙi 'yan Afirka suke da yawa. Wata safiya na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mutumin da ya ba mu haya ya ce ba gidansa kaɗai abin ya shafa ba, wasu mutane ne da ake kira Jat a jihar Haryana suka mamaye kanal ɗin Munak da ke kawo wa birnin ruwa, suka lalata shi. Daga baya aka sanar cewa sama da mutum miliyan 10 ne suka rasa ruwa, har aka rufe makarantu. Da ruwan gora nake goge wa mara lafiya jiki, alwala kuwa da rabin kofi nake yin ta, in tankar ruwa ta shigo layinmu sai ka ga mata sun yi mata caa da bokitai da tukwane.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayanin da na ji daga baya, wai su waɗannan Jat ɗin manoma ne masu filaye da taraktoci, kuma abin da suke nema shi ne gwamnati ta rubuta su cikin rukunin waɗanda aka bari a baya, don su samu kason gurabe a makarantu da aikin gwamnati. Ta yaya mai gona da tarakta zai ƙona gari don a kira shi mara galihu?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Tambayarki ba za ta amsu ba sai an koma tushe. Al'ummar Hindu ta ginu ne a kan rukunan gado da suke kira jati, waɗanda yawansu ya kai dubbai. A cikin nasa ake haihuwar mutum, a ciki yake aure, kuma a da shi ne ke yanke masa sana'ar da zai mutu yana yi. A can ƙasa akwai waɗanda yau ake kira Dalit, mutanen da aka ɗora wa kwasar bayan gida da jima da ɗaukar mushe, aka hana su rijiyar gari da wurin ibada, har taɓa jikinsu ma ake ɗauka ƙazanta ce. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, wanda Dakta Ambedkar, shi kansa Dalit, ya shugabanci kwamitin rubuta shi, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17, ya kuma buɗe ƙofar keɓe gurabe. A matakin tarayya Dalit suna da kashi 15 cikin 100, ƙabilun dazuka da duwatsu da ake kira Adivasi suna da kashi 7.5.

Rigimar da ta rutsa da ke daga rukuni na uku ta taso. A 1979 aka kafa hukumar Mandal, ta miƙa rahoto a 1980, inda ta ƙiyasta cewa rukunan tsakiya da aka bari a baya, waɗanda ake taƙaita sunansu da OBC, sun kai kashi 52 cikin 100 na al'umma, ta ba da shawarar a ware musu kashi 27. Rahoton ya yi shekara 10 yana shan ƙura, sai a watan Agustan 1990 Firaminista V.P. Singh ya ce zai aiwatar da shi. Ɗaliban manyan rukunai suka cika tituna, har wani mai suna Rajiv Goswami ya cinna wa kansa wuta a Delhi. Ku lura da yadda reshe ya juya da mujiya. A 1990 mutane suna ƙona kansu don kada a raba gurabe, bayan shekara 25 kuwa rukunai masu ƙarfi ne ke ƙona motoci don a saka su cikin rabon.

Jat kusan rubu'in mutanen Haryana ne, kuma Devi Lal da Bansi Lal da Chautala da Hooda, waɗanda duk sun mulki jihar, daga cikinsu suka fito. A tarzomar nan ta 2016 kimanin mutum 30 suka mutu, sai da aka fito da soja. Haka Patidar na Gujarat suka yi a 2015 ƙarƙashin Hardik Patel, matashi ɗan shekara 22, alhali su ne ke riƙe da kasuwar goge lu'ulu'u a Surat. Ra'ayina a fili yake: an yi dokar nan ne domin waɗanda aka hana rijiya, ba domin masu rijiyar ba.

Ɗalibi a Pune:
Allah ya gafarta Malam, tarihin da ka kawo ba ni da ja a kansa, amma hukuncin da ka rufe da shi ya yi tsauri, kuma ina faɗin haka ne bisa abin da na gani da idona. Abokin ɗakina ɗan rukunin Maratha ne, waɗanda su ma suke neman a ba su kason gurabe, daga yankin Marathwada na jihar Maharashtra, na bi shi ƙauyensu lokacin hutu. Kakansa yana da gona babba, aka raba ta tsakanin 'ya'ya huɗu, abin da ya zo hannun mahaifinsa bai cika hekta biyu ba. Auduga da waken suya yake nomawa, kuma sai abin da damina ta ba shi. Ya kai ni bakin rijiyar gonar, na jefa tsakuwa na ji ta faɗi a busasshiyar ƙasa. Yana ɗauke da bashin aurar da 'yarsa, domin a can iyayen amarya ne ke ɗaukar mafi nauyin kaya. Wannan mutum sunan Maratha kawai ya haɗa shi da babban ɗan siyasa Sharad Pawar da gidajen da ke juya masana'antun sukari.

Kuma ba labarin gida ɗaya ba ne. Ƙidayar noma ta Indiya ta nuna matsakaicin girman gona ya sauko daga hekta 2.28 a 1970-71 zuwa hekta 1.08 a 2015-16. A watan Afrilun 2016 fari ya kai ga sai a jirgin ƙasa ake kai wa garin Latur ruwan sha. Yaron da ya tashi a nan ya san gona ba za ta riƙe shi ba, sai ya kama karatu, ya zana jarrabawa, ya ga wanda ya fi shi ƙarancin maki ya samu gurbi saboda takardar rukuni. Ko dokar na da hujja, zafin da ke ransa gaskiya ne.

Sannan a yi musu adalci a kan hanyar da suka fara bi. Tsakanin 2016 da 2017 Maratha sun yi jerin gwano na shiru har 58 a faɗin Maharashtra, babu ihu babu jifa, 'yan mata ne a gaba suke miƙa takardar koke, in an watse su share filin. A 2023 wani jagoransu, Manoj Jarange Patil, ya zauna yajin cin abinci a ƙauyen Antarwali Sarati na gundumar Jalna, ranar 1 ga Satumba 'yan sanda suka far wa mutanen da ke tare da shi da kulake, har da mata. Bayan wannan dukan ne wutar ta bazu.

Direban Tirela:
Ƙanena ɗalibi, na ji tausayin mahaifin abokinka, domin nima ɗan manomi ne. Sai dai ni sana'ata a kan titi take, kuma na san abin da tare hanya yake nufi. Na taɓa kwana biyu a tsaye da lodin tumatir saboda wasu masu fushi da hukuma sun gindaya itatuwa da tayoyi, ina ji ina gani ruwa na tsiyaya daga kwanduna yana bin ƙasan mota, mai kayan yana zaune a gefen titi ya haɗa kai da gwiwa. A bayana akwai motar haya da mace mai naƙuda a ciki. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya san abin da ya haɗa su da hukuma. Wanda suke fushi da shi yana gidansa da janareta da tankin ruwa. Duk wanda ya datse ruwan birni guda, ya san sarai cewa mara lafiya irin mijin Hajiya ne zai fara jin jiki, kuma da gangan ya zaɓi hakan.

Lauya daga Zariya:
Malam direba ya faɗi gaskiya, amma ina so mu tambayi dalilin da ya sa rukuni bayan rukuni suke zaɓar wannan hanya duk da muninta. Amsar ita ce sun ga tana biya. A watan Satumban 1987 'yan rukunin Vanniyar a Tamil Nadu suka sare itatuwa suka toshe manyan hanyoyi na tsawon mako guda, mutum 21 suka mutu, a 1989 gwamnatin jihar ta ware kashi 20 cikin 100 ga wani sabon rukuni da ya ƙunshe su. Gujjar na Rajasthan, ƙarƙashin tsohon kanar Kirori Singh Bainsla, sun yi tarzoma a 2007 da 2008, suka zauna a kan layin dogon da ya haɗa Delhi da Mumbai, aka yi asarar rayuka da dama. Su ma fa suna cikin OBC tun farko, abin da suke so shi ne a ƙara saukar da su zuwa jerin ƙabilu, inda gasa ta fi sauƙi, 'yan Meena da ke cikin jerin kuma suka ce ba za ta saɓu ba.

Ga inda nake ganin babban laifin yake. A 1992, a shari'ar Indra Sawhney, mafi rinjayen alƙalai 9 na Kotun Ƙoli suka amince da kason OBC, amma suka gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, jimillar gurabe da aka keɓe kada ta wuce kashi 50 cikin 100. Na biyu, a yaɗe masu hali daga cikin OBC kamar yadda ake yaɗe mai daga saman nono, kuma tun 2017 iyakar kuɗin shiga ita ce rupi 800,000 a shekara. To ku haɗa 15 da 7.5 da 27, za ku samu 49.5. Babu sauran wuri a tabarmar. Kowane ɗan siyasa a Indiya ya san wannan lissafi, amma ku dubi abin da suke yi. A watan Maris na 2014, ana gab da zaɓe, gwamnatin jam'iyyar Congress ta saka Jat a jerin OBC na tarayya, Kotun Ƙoli ta soke a Maris na 2015. Bayan tarzomar 2016 majalisar Haryana, ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar BJP, ta yi musu doka a watan Maris, babbar kotu ta dakatar da ita a watan Mayu. Maharashtra ta ba Maratha kashi 16 a Nuwamban 2018, babbar kotun Bombay ta rage shi zuwa 12 a karatu da 13 a aiki, Kotun Ƙoli ta rushe dokar gaba ɗaya ranar 5 ga Mayun 2021, sai ga shi a Fabrairun 2024 an sake yin wata ta kashi 10.

Wannan shi ne a ba ka da dama a karɓe da hagu. Mai mulki ya sa hannu a takardar da ya san ba za ta tsira a kotu ba, ya kwashe ƙuri'u, in an soke ya ce alƙalai ne suka hana. Matasan da aka yi wa romon baka su koma titi da fushin da ya ninka na farko. Kuma ita kanta iyakar kashi 50 ta tsage, domin Tamil Nadu na da kashi 69, sannan a 2019 aka gyara tsarin mulki aka ware kashi 10 ga talakawan manyan rukunai, Kotun Ƙoli ta amince a Nuwamban 2022 da rinjayen alƙalai 3 a kan 2. Yanzu da wane baki za a ce wa Maratha ƙofa a rufe take?

Manomi daga Kadawa:
Ina bin bayananku da kyau, kuma ina ganin kamar labarinmu ake bayarwa. Ba irin wannan ba ne tsarin raba daidai na tarayya da muke da shi, da kuma yadda ake ware kashi 20 cikin 100 na guraben jami'o'in tarayya ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko? Mu ma ai ana yi mana gori a kansa duk shekara in an fitar da makin shiga makarantun haɗaka.

Malamin Tarihi:
Alhaji, akwai kama ta wajen gorin da ta wajen wanda ke cin moriyar, amma kada mu haɗa su a ƙwarya ɗaya. Namu, wanda ya shiga tsarin mulki a 1979, a kan jiha da yanki aka gina shi, don kada wani ɓangare ya mamaye gwamnati. Nasu kuwa diyya ce ta wulaƙancin da maƙwabci ya yi wa maƙwabcinsa a ƙauye ɗaya tsawon ɗaruruwan shekaru, kuma sau da yawa mai gonar da Dalit ke yi wa ƙwadago Jat ne ko Maratha.

Wannan ne ya dawo da ni kanka, ɗana ɗalibi. Ban musanta talaucin mahaifin abokinka ba. Amma ka dubi abin da Jarange ke nema: a ba Maratha takardar shaidar cewa su Kunbi ne, rukunin manoma da ke cikin OBC, wato su shiga cikin kason OBC da ake da shi. Maratha kusan kashi 30 cikin 100 ne na jihar, suna da 'yan majalisa da makarantu da bankunan haɗin gwiwa. In suka shiga wannan ɗaki, wa za a matse zuwa bango? Wanzami ne da magini tukwane da mai wanki, shi ya sa shugabannin OBC irin su Chhagan Bhujbal suka tashi tsaye. Tun kafin a ƙara kowa ma rabon ya karkace. Hukumar Rohini da aka kafa a 2017 ta gano cewa kusan kashi 97 cikin 100 na guraben OBC na tarayya sun tafi ne ga rubu'in rukunan, yayin da rukunai 983 ba su samu ko ɗaya ba. Waɗannan 983 ɗin ba su da yawan da za su tare layin dogo, don haka babu wanda ya san da zamansu. Kuma kada a manta cewa a garuruwan Rohtak da Jhajjar na Haryana, lokacin tarzomar 2016, shagunan waɗanda ba Jat ba ne aka fi ƙonawa.

Bari in ƙara wani abu da zai ba wasunmu mamaki. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe matsayin Dalit ga mabiya Hindu, daga baya aka ƙara Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990. Musulmi da Kirista da suka fito daga waɗannan rukunai, suna yin sana'o'in da aka raina iri ɗaya, har yau ba sa cikin wannan jeri, sai dai wasunsu su raɓa a OBC.

Ɗalibi a Pune:
Na karɓi wannan gyara, Malam, musamman batun ƙananan rukunai, domin ban taɓa auna abin ta wannan fuska ba. Ƙone gidajen 'yan majalisa da aka yi a gundumar Beed a watan Oktoban 2023 ma abokina da kansa ya ce abin kunya ne. Inda na tsaya shi ne a daina yi wa talakan Maratha kallon azzalumi don kawai sunansa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ko an ba su kason, ba zai kashe musu ƙishi ba. A 2015 jihar Uttar Pradesh ta tallata guraben masinja 368, mutum miliyan 2.3 suka nema, cikinsu har da masu digirin digirgir. Ana zubar da jini a kan rabon abin da bai isa ko ɗaya cikin dubu ba. Na tambayi abokina me ya sa dole sai aikin gwamnati, ya ce a ƙauyensu in ba ka da shi ba a ba ka mata, domin babu uban da ke son 'yarsa ta auri manomi.

Lauya daga Zariya:
Ka taɓo inda yake ciwo. Ƙari a kan haka, duk wannan faɗa a cikin duhu ake yin sa, domin rabon da a wallafa cikakkiyar ƙidayar rukunai ta ƙasa baki ɗaya tun 1931, zamanin Turawan Ingila, kuma a kanta Mandal ya gina lissafinsa. Da Bihar ta yi tata ƙidayar ta fitar a Oktoban 2023, aka ga rukunan da aka bari a baya sun haura kashi 63 cikin 100, jihar ta ɗaga kason zuwa 65, babbar kotun Patna ta soke a Yunin 2024. Ni ina goyon bayan a ƙirga kowa tare da gonarsa da karatunsa, a tsaurara cire masu hali, a kuma kasa kason OBC gida-gida yadda na ƙasa zai samu nasa. Wanda ya fasa kanal kuwa a gurfanar da shi, kada gwamnati ta mayar da janye ƙararsa abin ciniki a teburin sulhu.

Uwargida daga Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu na fahimci cewa ba duk mai suna Jat ko Maratha ne mai tarakta ba, kuma ɗana ɗalibi, ka gaishe mini da abokinka, Allah ya ba mahaifinsa damina mai albarka. Amma bayanin Malam ya tuna mini da wata mata da ban ambata ba a farko. Ita ce ke share matakalar benenmu tana kwashe shara kowace safiya, kuma na lura masu gidan ba sa miƙa mata kuɗi hannu da hannu, a kan mataki suke ajiyewa ta ɗauka. A kwanakin nan na rashin ruwa, in tanka ta zo, takan tsaya can gefe da bokitinta har sai kowa ya gama, wata rana ma kafin a zo kanta ruwan ya ƙare. Na ba ta gora biyu daga cikin na maigidana, ta karɓa da gefen mayafinta don kada hannunta ya taɓa nawa. Tana da yaro ɗan kimanin shekara goma da ke riƙe mata buhun shara, ban taɓa ganin sa da kayan makaranta ba. A lokacin ban san cewa dokar da ake ta ƙone-ƙone a kanta domin irin wannan yaron aka fara yin ta ba. Malam Lauya, in yaro bai gama ko firamare ba, ta wace ƙofa wannan kashi 15 ɗin zai iso gare shi?